Agogon Kwamfutarka Da Lokutan Ibada: Gyara Shi Kafin Ka Dogara Da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Mutumin da yake zaune a cikin Birni, a Yakasai ko Mandawari ko Soron Ɗinki, ba ya bukatar ya tambayi kowa ko lokacin salla ya yi. Kafin ladanin wannan lungu ya kai ƙarshen kiransa, na lungun gaba ya ɗauka. Amma a Nassarawa GRA lamarin ya sha bamban. Unguwa ce da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu a wajen ganuwa bayan sun ci Kano a 1903, suka yanka filaye masu faɗi, suka nisanta gida da gida. Yau Musulmi ne suka cika ta, akwai masallatai, har da manya irin Masallacin Alfurƙan da ke kan titin Alu, amma tsarin ginin yana nan yadda yake: dogayen katangu, tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, janareto yana ruri a bayan gida. Ma'aikacin ofis a kan titin Sultan, ko uwargida a ƙuryar ɗaki a titin Lamiɗo, ko ɗalibin da ya duƙufa a kan karatun jarrabawa, sau da yawa kiran salla ba ya isa kunnensu. Abin da suke kallo shi ne 'yan lambobin nan da ke kusurwar dama ta ƙasan fuskar kwamfuta, ko waɗanda ke saman waya. Da su ake tashi a yi alwala, da su ake ajiye cokali a sahur, da su ake kai dabino baki.

To, tunda har waɗannan lambobi sun samu wannan matsayi a gidajenmu, wajibi ne mu san abin da suke faɗa, da abin da ba za su iya faɗa ba, da kuma yadda ake daidaita su.

Mu fara da asali. Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a aya ta 103 ta Suratun Nisa'i cewa salla farilla ce mai ƙayyadaddun lokuta a kan muminai. A hadisin Ibn Abbas da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Mala'ika Jibrilu ya yi wa Manzon Allah (SAW) limanci kwana biyu, ranar farko a farkon kowane lokaci, rana ta biyu a ƙarshensa, domin a san iyakokin biyu. Duk alamomin da aka ambata a can na sama ne: karkatar rana daga tsakiya, tsawon inuwa, faɗuwar rana, ɓacewar jan shafaƙi, da ketowar alfijir. Babu ƙarfe kaza a ciki. Agogo ɗan aike ne kawai, yana kawo labarin inda rana take. Idan ɗan aike amintacce ne, a karɓi saƙonsa. Idan an san yana tuntuɓe, laifin wanda ya dogara da shi ne.

Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda malaman Malikiyya suka tsananta a nan. Shehu Halilu ya tabbatar a Mukhtasar cewa wanda ya tayar da salla yana shakkar shigar lokaci, sallarsa ba ta isar masa ba, ko da daga baya ta bayyana cewa a cikin lokacin ya yi ta. Haka wanda ya sha ruwa yana zaton rana ta faɗi, sai ga ta ta bayyana, ramuwar wannan yini ta hau kansa, duk da cewa babu kaffara. Irin haka ta taɓa faruwa a zamanin Manzon Allah (SAW) a wani yini mai gizagizai, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar. Mu kuwa a nan hazon hunturu yana yi mana abin da gizagizai suka yi musu. Akwai ranakun da rana take ɓacewa cikin ƙura tun da sauran tazara tsakaninta da ƙasa, inuwa ma ba ta fita sosai balle a auna ta. Ga shi a shekarun nan watan azumi yana gangarowa ne zuwa tsakiyar hunturu.

Shin ya halatta a dogara da lissafi da na'ura wajen sanin lokacin salla? Imam Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya warware wannan a littafinsa Alfuruƙ da bayanin da har yau ban ga wanda ya fi shi tsabta ba. Ma'anar maganarsa ita ce, Shari'a ta rataya wajabcin azahar a kan karkatar ranar ita kanta, don haka ta kowace hanya tabbatacciya aka san ta karkata, da ido ne ko da lissafi, hukunci ya tabbata. Amma azumi an rataya shi ne a kan ganin jinjirin wata, don haka lissafi ba ya tsayawa a madadin gani. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin shi ne zai raba mana abin da za mu karɓa daga kwamfuta da abin da za mu ƙi. Kuma al'ummar nan ba baƙuwa ba ce ga kayan auna lokaci. Manyan masallatan Misira da Sham suna da ma'aikaci na musamman, muwaƙƙit, wanda aikinsa ke nan. Ibn Shaɗir, muwaƙƙitin Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, ya ƙera agogon inuwa na marmara ya kafa a hasumiyar masallacin wajen shekarar 1371.

Ƙarfe goma sha biyu ba tsakiyar rana ba ce

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, agogon da muke amfani da shi yarjejeniya ce ta hukuma. Duk mai sauraron sashen Hausa na rediyon ƙasashen waje ya saba jin ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, da ƙarin awa ɗaya. Wannan ƙarin awa ɗayan Turawa ne suka tsayar da shi a ranar 1 ga Satumba, 1919. Kafin nan, daga haɗewar Arewa da Kudu a 1914, rabin awa ne. An ɗora lissafin ne a kan layin digiri 15 gabas, wanda yake can wajen Tafkin Cadi, alhali Kano tana wajen digiri 8 da rabi. Rana kuwa tana cin minti 4 kafin ta ƙetare kowane digiri ɗaya. Saboda haka a matsakaicin lissafi rana ba ta kaiwa tsakiyar saman Kano sai wajen 12:26. Sannan tafiyar ranar kanta tana gaba da baya a cikin shekara: a farkon Nuwamba zawali yana saukowa har wajen 12:10, a tsakiyar Fabrairu yana kaiwa wajen 12:40. Wanda ya ga kwamfuta ta nuna 12:15 a watan Fabrairu, ya ce rana ta karkata bari ya sallaci azahar kafin ya shiga taro ko ya hau hanya, ya yi salla kafin lokaci, kuma tana nan a wuyansa.

Haka faɗuwar rana. A ƙarshen Nuwamba tana faɗuwa a Kano kafin shida ta cika da 'yan mintuna, a farkon Yuli kuwa sai bakwai saura kaɗan. Kusan awa guda ke tsakani. Kuma ƙasar nan agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta faɗuwa a lokaci ɗaya: Maiduguri tana riga Kano da kusan minti 18, Kano tana riga Sakkwato da kusan minti 13. Jadawalin shan ruwa da ake turowa ta WhatsApp ba tare da sunan gari ba, ko wanda aka yanke sunan garin wajen ɗaukar hoto, abin tsoro ne. Bakano da ya bi jadawalin Maiduguri ya ci abinci da rana tsaka a hukumance.

Wasu al'ummai ma ba daga tsakar dare suke fara ƙirga ba. Masu magana da Suwahili a gabashin Afirka suna kiran bakwai na safe ƙarfe ɗaya, domin daga fitowar rana suke lissafi. A Saudiyya kanta, har zuwa wajen ƙarshen shekarun 1960, ana saita agogo ne ya nuna goma sha biyu daidai faɗuwar rana. Fuskar agogo abu ne da mutane suka tsara don maslaharsu, don haka babu laifi ka juya ta yadda za ta yi maka amfani.

Gyaran kansa

Zan yi bayani a kan Windows, domin ita ce a mafi yawan gidaje da ofisoshinmu. Akwai gajeriyar hanya da ba ta bukatar yawo cikin saituna. Ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai buɗe. Ka rubuta timedate.cpl ka danna shiga.

A shafin farko za ka ga shiyyar lokacin da kwamfutar take bi. A nan yawancin ɓarnar take. Kwamfutocinmu da dama na hannu ne, sun yi rayuwarsu ta farko a Turai ko Amurka, wasu kuma an sake zuba musu manhaja an bar su a kan shiyyar yammacin Amurka. Abin da mutane suke yi idan sun ga agogo ya kauce shi ne su juya lambobin da hannu har su dace da na waya, su bar shiyyar yadda take. Wannan ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen yadi, ranar da kwamfutar ta hau intanet ta daidaita kanta, sai ta koma gidan jiya. Wata matsalar ta fi wannan ɓoyuwa. Wani zai zaɓi UTC+01:00 ya ga daidai ne, bai lura cewa na Faris ko Balin ya ɗauka ba. Waɗancan ƙasashe suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Sai mutum ya wayi gari kwamfutarsa tana gaba da awa guda ba tare da ya taɓa komai ba. Wanda kuma ya zauna a kan shiyyar Landan zai ga daidai duk tsawon bazara da damina, sai ƙarshen Oktoba agogon ya ja baya da awa ɗaya. Ka duba wanda yake sahur da irin wannan agogo: yana ganin huɗu da rabi, alhali biyar da rabi ta yi. Zaɓin da ya dace da mu shi ne UTC+01:00 mai ɗauke da sunan yammacin Afirka ta tsakiya. Shi ba ya motsi rani da damina.

A shafi na uku na wannan akwati akwai wurin da ake umartar kwamfuta ta riƙa karɓar lokaci daga intanet. A kunna shi. Agogon cikin na'ura yana zamewa da 'yan daƙiƙoƙi, kwana da kwanaki su taru su zama mintuna, kuma minti uku a bakin magariba ba wasa ba ne. Idan kuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar tana farkawa da wata tsohuwar shekara, to wani ɗan batir ne mai kamar kwabo da ke cikinta ya mutu. Lambarsa a mafi yawan kwamfutocin tebur CR2032 ce, kuma masu gyara a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre za su canza shi cikin ɗan lokaci. Kwamfutar ofis da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikatar wani lokaci ba ta barin ma'aikaci ya taɓa waɗannan wurare, sai a yi wa mai kula da na'urori magana.

Shafi na biyu kuwa yana ba ka damar ƙara agogo biyu, ka sa wa kowanne sunan da kake so. Gidan da ke da alhaji a ƙasa mai tsarki, ko ɗalibin da ke bin darasin Masallacin Annabi kai tsaye, sai ya zaɓi shiyyar Riyad ya rubuta Makka. Suna gabanmu da awa biyu. Da ka ɗora kibiyar linzami a kan agogo za ka ga lokutan a jere.

Sai batun yadda lambobin suke bayyana. Ka sake buɗe ɗan akwatin nan ka rubuta intl.cpl. A jerin siffofin gajeren lokaci za ka ga h:mm tt da kuma HH:mm. Ƙaramin harafi yana nufin ƙirgen awa 12, babban yana nufin awa 24, tt ɗin kuwa shi ne AM da PM. Ni shawarata a koma awa 24, kuma ina da dalili. Bahaushe bai raba yininsa gida biyu ba. Yana da asuba, da safe, da hantsi, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da yamma liƙis, da almuru, da lisha, da tsakar dare, rabinsu sunayen salloli ne. Haruffa biyu na Latin ba za su ɗauki wannan ba, kuma a wajen ƙarfe goma sha biyu suna rikita har masu digiri. Mutum zai saita ƙararrawar sahur a kan 4:30, bai lura PM ce ba, ta yi ƙara bayan la'asar. Da 04:30 da 16:30 yake gani, da bai ruɗe ba. Tikitin jirgin Umara ma da wannan ƙirge ake rubuta shi. Idan an rubuta 00:45 ranar Talata, to da daren Litinin za ka kasance a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wanda ya saba da ƙirgen a kan kwamfutarsa ba zai zo bayan jirgi ya kwana a Jidda ba. Wanda kuma ya fi son awa 12, to a ƙarin saitunan da ke ƙasan wannan shafi akwai wurin da zai goge AM da PM ya rubuta safe da yamma da hannunsa. Ya dai sani cewa kwamfutar za ta kira ƙarfe ɗayan dare safe.

A wannan shafin dai, a duba tsarin kwanan wata. Amurkawa suna gabatar da wata kafin rana, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ce, a wurinmu 3 ga Afrilu. Allah Ya yi umarni a aya ta 282 ta Suratul Baƙara da a rubuta bashi zuwa ajali ambatacce. Ajalin da mai bashi ya karanta Maris, wanda ake bi ya karanta Afrilu, bai zama ambatacce ba. A zaɓi tsarin Najeriya. Akwai ma na Hausa a cikin jerin, wanda zai rubuta maka Litinin da Talata da sunansu. A takardun bashi da haya kuwa, a rubuta sunan watan da haruffa, a huta.

Kwanan watan Hijira

Da yawa suna tambaya ko za a iya sa kwamfuta ta nuna watan Musulunci. Ana iyawa. A Windows sai an mayar da tsarin zuwa na Larabci, kamar na Saudiyya, sannan zaɓin kalandar Hijira ko ta Ummul Ƙura yake fitowa, kuma hakan yana juya sunayen ranaku zuwa Larabci, yana iya shafar kwanan watan da ke fita a wasu takardun aiki. Ma'aikaci ya yi tunani kafin ya yi haka a kwamfutar ofis. A kalandar Google da ta iPhone abin ya fi sauƙi, domin ana jera kwanan watan biyu gefe da gefe. Abu ne mai kyau yaro ya tashi yana ganin Rajab da Sha'aban a gabansa kullum. Kalandar nan tun asali don gyaran takardu aka kafa ta: a zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 17, bayan an yi kukan cewa wasiƙu suna zuwa ba a san na wace shekara ba ne.

Sai dai a nan ne za mu koma ga bambancin Alƙarafi. Abin da kwamfuta take nunawa lissafi ne da aka tsara shekaru kafin watan ya tsaya. Ummul Ƙura kalandar gudanar da mulki ce ta Saudiyya, su kansu Saudiyyan ba da ita suke ɗaukar azumi ba, sai kotunsu ta tabbatar da gani. A Najeriya kuwa sanarwar tsayuwar wata tana fitowa ne daga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar, bayan rahoton kwamitin duban wata, kuma ba a Ramadan da Shawwal kaɗai ba, kowane wata ake yi. Sau da yawa za ka tarar na'ura tana gaban sanarwar da kwana ɗaya. Mai azumin 13 da 14 da 15, da mai neman Tasu'a da Ashura, su bi sanarwar. Su kansu masu Windows sun san da wannan saɓani, shi ya sa a kalandar Hijirarsu suka bar wurin ƙara kwana ɗaya ko biyu, ko rage su. Sai dai gyara ne da ake sabuntawa duk wata.

Akwai wani abu da babu saitin da zai gyara shi. Kwamfuta tana juya kwanan wata ne da ƙarfe goma sha biyun dare, mu kuwa darenmu yana riga yininmu. Kowane Bahaushe ya san daren Juma'a shi ne wanda ake shiga bayan magaribar Alhamis. Saboda haka daren 27 ga Ramadan yana farawa ne alhali na'ura tana rubuta 26, kuma za ta ci gaba da rubuta 26 har a idar da tarawihi. Wanda ya jira sai ya ga 27 a fuskar waya sannan ya shirya wa daren da ke tafe, daren 28 ya raya. Mai niyyar i'itikafin goman ƙarshe ma haka, kafin faɗuwar ranar 20 ake so ya shiga masallaci.

Manhajojin kiran salla kuwa suna ɗora lissafinsu ne a kan agogon na'urar da kuma garin da aka gaya musu, don haka idan shiyya ta karkace su ma sun karkace. Bayan wannan akwai saituna biyu da ake barin su yadda suka zo. Na farko ma'aunin alfijir: Rabiɗa tana lissafi da digiri 18 ƙarƙashin sararin gabas, Ummul Ƙura 18 da rabi, hukumar Masar 19 da rabi, wata ƙungiyar Arewacin Amurka 15. A Kano kowane digiri ya ɗan haura minti 4, don haka tsakanin na Masar da na Amurka akwai kusan sulusin awa, kuma wannan sulusin awar shi ne tsakanin halaccin ci da haramcinsa. Na biyu la'asar: a mazhabar Hanafiyya sai inuwa ta ninka tsawon abu sau biyu, a wurin Malikiyya da sauran sau ɗaya, bayan an cire inuwar zawali. Tazarar a garin nan ta kai kimanin awa guda. A zaɓi na inuwa ɗaya, sannan a ɗauki kwana biyu ko uku ana gwada manhajar da kiran sallar masallacin Juma'ar unguwa, musamman asuba da magariba. Idan an ga saɓani mai yawa, a je a tambayi liman da wane jadawali suke aiki.

A kuma bambance shigar lokaci da lokacin tayar da jam'i. Idan manhaja ta kira azahar 12:35, masallacin unguwa kuma bai tayar ba sai ɗaya da rabi ko biyu, babu wanda ya yi kuskure. Malikiyya sun so a jinkirta azahar ga jama'ar da ake jira har inuwa ta kai rubu'in tsawon mutum, a ƙara a kan haka idan zafi ya tsananta, kuma kowa ya san zafin Kano a watan Afrilu. Mace a ɗakinta, da mara lafiya, da matafiyin da zai kama hanyar Zariya, su suna iya yin sallarsu tun daga zawali, matuƙar sun tabbata ya shiga. Allah ne Mafi sani.